Karatun Kwamfutar da Ya Raba Ni da Uban 'Ya'yana

Sallama gare ku masu wannan mujalla, da duk wanda idonsa zai kai kan wannan shafi. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, na bari saboda jinyar mahaifiyata, don haka ku yi haƙuri da yadda rubutun zai zo. Abin ne ya cika mini ciki, kuma a gidan da nake babu wanda zan zauna in zazzage wa shi ba tare da an ce ina tone-tone ba.

Lokacin da abin ya faro ni yarinya ce mai 'ya ɗaya da ƙaramin ciki, muna zaune a Matameye a gidan su maigidana, ɗakina yana kallon na surukata, wadda duk gidan muke kira Inna. Tun tasowata ni mai fargaba ce. Yaro ya yi tari sau biyu, ni har na fara tunanin likita. Amma abin da ya fi ci mini rai a duniya shi ne cin rani. Maigidana ya ci bak ɗinsa, wato jarrabawar gama sakandare, da kyau, sai mahaifinsa ya rasu a shekarar, ya ajiye maganar jami'a ya bi sahun sauran mazan unguwa. Da an kai gero rumbu zai ɗaure jakarsa ya nufi Kano, inda yake zama a rumfar wani mai gyaran salula, ba zan ƙara ganinsa ba sai hadari ya fara haɗuwa. 'Yarmu ta yi zama, ta yi rarrafe, ta fitar da haƙori, duk ba ya nan. Ranar da ya dawo ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta ƙanƙame zanena tana ihu, matan gida suna dariya suna cewa ta ga baƙo. Shi ma ya yi dariyar, amma na ga idonsa.

Wata shekara ya dawo da wani haske a fuska da ban san shi da shi ba. Ya ba ni labarin wani saurayi da ke da ɗan ɗaki a saman rumfarsu, wanda aikinsa rubuta manhaja, wato irin abubuwan da ke cikin salula da kwamfuta masu sa su yin aiki. Ya ce saurayin ba ya zuwa ko'ina, aikin ne ke zuwa ya same shi, har daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Ya ce wannan sana'a ba ta tambayar garin da mutum yake, in akwai wuta da rezo, wato sabis ɗin waya, ko a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu zai iya yin ta, kuma in ya iya, shi da cin rani har abada. Saurayin ya ɗan koya masa a lokutan da babu masu kawo gyara. Ya ciro salularsa ya nuna mini abin da ya haɗa da hannunsa: hoton rago ne, in an taɓa shi sai ya yi kuka, sannan muryar maigidana ta kira sunan 'yarmu. Ya ce ya yi shi ne don kada ta ƙara manta muryarsa. Yarinyar nan ta wuni tana danna ragon tana ƙyalƙyala dariya, ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka, don a ranar na fara yarda cewa zan iya zama da mijina rani da damina kamar matan ma'aikata.

Bayan an gama noma ya je Damagaram ya yi tambaya, ya dawo da labarin hanyoyi biyu. Ɗaya a jami'a take, doguwa ce, aƙalla shekara uku, cike da lissafi mai wuya, kuma a nan ne ake koya wa mutum rubuta manhajar tun daga tushe. Ɗayar wata makaranta ce ta kuɗi, shekara biyu, da ƙaton allo a bakin titi mai hoton mutum cikin kwat a gaban kwamfuta. Dukansu sunan anfarmatik, wato ilimin kwamfuta, ne a jikinsu. Shi dai zuciyarsa tana ga doguwar, ya faɗa mini haka da bakinsa. Sai dai a gidanmu ƙarami ba ya yanke irin wannan shi kaɗai, tunda gonar gado ɗaya ce, rumbu ɗaya ne, kuma in ya tafi karatu babu mai aiko da abin cin rani. Aka zauna a zaure, shi da yayansa da kawunsu Alhaji, wanda ya tsufa yana kamasho a tasha. Ina daga bayan katanga ina tankaɗe, ina jin komai.

Yayan ya ce shi bai ga abin wahalar da kai ba, kwamfuta ai kwamfuta ce, kamar yadda gero gero ne ko na Kurni ko na Dungu. Maigidana ya yi ta neman yadda zai fassara musu bambancin, kalmomin duk na Faransanci ne a kansa, ya rasa na Hausa. Daga ƙarshe ya ce gajeriyar tana koya wa mutum tuƙa mota ne, doguwar kuma ƙera ta. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce shi a tasha gemunsa ya yi fari, kullum yana ganin direbobi suna cin tsire, amma bai taɓa jin ɗan Matameye da ya ƙera mota ba, in kuwa ɗan ƙanwarsa ne zai fara, to a bari ya fara sayen taya. Yayan ya ƙara da cewa mai iyali ba ya karatun 'yan samari. Maigidana ya sunkuyar da kai, don ba a musu da kawu. Amma Alhaji mutum ne mai adalci, ya ce tunda yarinyar mutane ce za ta zauna da yara, a tambaye ta, abin da ta ce za ta iya ɗauka shi za a yi.

Inna ce ta zo ta same ni a bakin murhu. Ta ce in faɗi gaskiyata, shekara biyu ko uku, har ma ta ce an ce ukun tana iya zarcewa in lissafin ya kayar da mutum. Ni a lokacin ƙafafuna sun fara kumbura, ina tuna yadda na haifi ta farko ba ya gari. Ban tambayi me ake koyarwa a nan ko a can ba. Ban ce a bari in yi shawara da shi ba, alhali na san inda ransa yake. Shekarun kawai na ji, na ce wa Inna gajeriyar ta fi, ya je ya dawo da wuri. Da labarin ya kai masa bai yi mini faɗa ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, wataƙila ma a can ɗin za a koyar da abin da yake so.

Ba zan tsaya ba ku labarin wahalar shekarun nan ba, duk matar da rumbu ya ƙare mata kafin shuka ta san ta. Na soya awara, na sari rake ina yankawa yara suna kai mini bakin kasuwa, tumakina suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Duk ban damu ba, ina cewa kwana nawa ne. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne in ya zo hutu. Ni ce mai wankinsa, kullum aljihun rigarsa tawadar bik ce, wato biro, hannun rigar kuma farin alli. Na tambaye shi yaushe suke taɓa kwamfutar, ya ce su da yawa ne a kan guda ɗaya, in layi ya zo kansa wani lokaci wuta ta ɗauke. Na ce me ake koya musu, ya ce buga wasiƙa, da jera lissafin kanti a gida-gida a cikin kwamfuta, da yadda ake karɓar baƙo a ofis, amma an yi musu alkawarin rubuta manhaja a shekara ta biyu. Shekara ta biyun ta zo, wani malami ya zo 'yan makonni ya cika allo da rubutu, suka kwafe, bai sake dawowa ba. Na lura ya daina ba ni labarin saurayin Kano. Na lura in 'yarmu ta kawo masa salula ya danna mata rago, sai ya ce ta kai wa mamanta. Na ga duk wannan, na yi shiru, ina tsoron in na buɗe baki a ce ai ni na zaɓa.

Ya gama, aka ba shi dipilom mai zanen zinariya a gefe, Inna ta yi sadakar waina. Bai ko huta ba ya tafi Kano wurin saurayin nan, wanda a lokacin har ya ɗauki yara suna yi masa aiki. Abin da ya faru a can sai daga baya na ji, a bakin wani ɗan unguwarmu da suke kwana ɗaki ɗaya. Saurayin ya karɓe shi hannu bibbiyu, bai ma kalli takardar ba, ya zaunar da shi gaban kwamfuta ya ce ya haɗa masa wani ɗan abu da zai riƙa tuna wa mai kanti kayan da suka kusa ƙarewa. Maigidana ya wuni a zaune bai iya fara komai ba. Ɗan abin da ya taɓa koya a rumfa ma ya zube. Saurayin ya ce masa cikin tausayi takardarsa ta sakatare ce, ba laifi ba ce, amma ba ita ce wannan sana'ar ba. Maigidana ya je jami'a ya tambaya ko za su ɗora masa daga inda ya tsaya, aka ce fannin daban ne, sai dai ya faro daga ajin farko. Da wane rumbun? Yayansa ya ce gida ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma gaskiyarsa ne.

Maigidana ya samu wuri a wata rumfa kusa da meri, wato ofishin magajin gari, yana buga wa mutane takardu yana yin fotokofi, injin ma na wani ne. Abin da yake samu bai kai na gyaran salula ba. Abokansa suka laƙaba masa Injiniya. In ya wuce majalisa sai a ce Injiniya a zo a ƙera mana mota, a kwashe da dariya, don maganar zaure ta riga ta fita gari. Yana murmushi ya wuce, ya shigo gida ya shige ɗaki. Tsohuwar salular nan ta faɗa ruwa ta mutu, 'yarmu ta yi ta binsa tana cewa Baba ya sake yi mata ragonta. Wata rana da ta dame shi ya ce mata ragon ya mutu, shi kuma bai san yadda ake yin wani ba. A gabana ya faɗa, bai kalle ni ba.

Da aka kai gero rumbu na ga yana ɗaure jaka. Na ce Kano? Ya ce ba zai iya komawa rumfar da ya yi wa bankwana yana cewa ya tafi zama mai manhaja ba. Arewa zai yi, bayan Agadas, wurin haƙar zinariya, inda babu wanda ya san shi da sunan Injiniya. Na riƙe jakar ina roƙonsa, na ce ni na jawo, ya yafe mini. Ya ce ba ni ba ce, shi ne namijin da ya san bambancin ya kasa tsayawa a kai. Ya ce in ya samu abin da zai riƙe gida, zai dawo ya faro karatun daga farko ko da furfura a kansa. Da farko yana kira in ya hau inda ake samun rezo. Damina ta zo bai zo shuka ba, ta sake zagayowa. Yanzu sai dai in wani ya dawo daga can in aika a tambaye shi, wannan ya ce ya gan shi, wancan ya ce an ce ya ƙara gaba. Ɗan da na haifa lokacin da babansa ke makaranta bai san fuskarsa ba. Dipilom ɗin na nan rataye a ɗakina, Inna ta hana a sauke.

Na yi ta tunani a kan abin da ya same mu. Babu mugu a cikinmu. Alhaji da yayan sun faɗi iyakar abin da suka sani ne, ni kuma tsoro ne ya yi magana da bakina. Dukanmu mun auna karatu da tsawonsa da sunan da ke kan allo, babu wanda ya ce a je a tambayi mai yin sana'ar wace ƙofa ake shiga, alhali yana nan Kano, kira ɗaya ya isa. Don haka ina roƙon iyaye da yayye da mata irina, in naku ya ce zai karanci kwamfuta, kada ku ce duk ɗaya ne. Ku tambaye shi me yake so ya iya yi da hannunsa in ya gama. Ku je makarantar ku ga ko ɗalibai na taɓa injin ko allo kawai suke kallo, ku nemi waɗanda suka gama can ku ga inda suke zaune yau. In kuma an zo tambayarki ke matar gida, kada ki amsa a bakin murhu, ki ce sai kin yi magana da shi. Kullum ina jin tsofaffi na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, ban san da ni suke ba. Shekara ɗaya na ƙi ba shi, yau ga ni ina ƙirga damina. Wanda duk ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, Allah ya dawo da shi ko da hannu wofi. 'Yata ta daina tambayar ragon, kuma jiya da na ce ta kwaikwayi yadda babanta ke kiran sunanta, sai ta ce ta manta.