Kwaɗon da Baffa ya sa wa ɗakin Yaya Habu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Habu, mai gyaran injin ban ruwa a fadamar Haɗeja. Duk wanda ya zo mana gaisuwa an ce masa zazzaɓi ne. Ni ma haka na riƙa faɗa. Yau na gaji.

Ranar da na fara gane akwai matsala, koko na kai masa da safe. Ya miƙo hannu zai karɓa, sai kofin ya shiga rawa har kokon ya zube masa a wando. Mutumin da ke kwance inji ya mayar da kowace ƙusa mazauninta, ga shi kofi ya gagare shi. Ya dube ni ya ce, "Kar ki gaya wa Inna." Ban gaya mata ba. Ashe ta sani, Baffa ƙanin mahaifinmu ya sani, har manoman da yake wa gyara sun sani. Kalmar ce kawai ba mai furtawa: giya.

Shi da kansa ya nemi mafita. Wata rana ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ke da kika gama sakandare, duba mini. An ce akwai inda masu irin matsalata ke zama su yi magana, waɗanda suka daina su riƙe waɗanda ke son dainawa." Kwana biyu ina nema. Duk abin da na gani na wasu ƙasashe ne ko na manyan birane. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya, yayar ƙawata, ta ce ta san wasu da ke haɗuwa a Kano duk Asabar. Yaya ya wanke kayansa tun ranar Alhamis.

Baffa ya hana. Ya ce, "Direbobin tasha duk sun san mu. Ka je ka zauna cikin mashaya ka ce kai ɗan gidan nan ne? Wa zai ƙara neman aure a gidan?" Ya ce maganin a gida yake. Ya sa Yaya ya yi rantsuwa, ya shigar da shi ɗaki, ya sa kwaɗo, ya ce kwana bakwai sun isa su wanke shi. Yaya bai yi gardama ba, don yana son ya daina. Wannan ne ke ƙona mini rai har yau.

Ni ce mai kai abinci. Rana ta biyu gumi ya jiƙa shi sharkaf, ko ruwa bai iya riƙewa. Rana ta uku da azahar, ina ajiye kwano ya cafke hannuna yana cewa macizai na fitowa daga bango, in gudu. Bai gane ni ba. Na fizge na fito ina kuka, na ce a kai shi asibiti. Baffa ya ce iska ce ke barin jikinsa, aka kira mai ruƙiyya. Ba na raina addu'a, amma an yi ta ne ƙofa a rufe don kada maƙwabta su ji. Sai da ya faɗi yana shure-shure sannan aka nemo mota. Likitan ya yi mana tambaya ɗaya: tun yaushe ya daina sha? Ya ce wanda jikinsa ya daɗe da sabawa ba a yanke masa lokaci guda ba tare da kulawar asibiti ba. Yaya bai kai la'asar ba.

Har yanzu idan na ji an danna kwaɗo, gabana faɗuwa yake. Shekara huɗu ina tsoron Baffa, ina tsoron bakin mutane, ina tsoron kada wata rana maganar ta suɓuce mini.

Da Yaya zai dawo yau, me zai gani? Zai ga 'yan ƙananan kwalaben giyar nan har yanzu a yashe a bakin hanyar fadama, kowa na tsallakewa kamar bai gani ba. Zai ga Baffa a sahun gaba, ana ce masa mai rufin asirin zumunci. Amma akwai abin da zai sa shi kuka. Abokinsa Ibro masunci, wanda suke sha tare, ya je Kanon, ya ga likita, ya daina. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar wasu maza masu fama da giya na zama a zaurensa, matansu da 'yan'uwansu mata kuma a cikin gida wajen matarsa Yagana. Ba allo, ba talla. Daga gidanmu tafiyar minti goma ce a ƙasa.

Yagana ce ta tare ni a wajen sayen kifi watan jiya, ta ce, "Ƙanwar Habu, ki zo." Na je. Na zauna a bakin tabarma ina ta kallon ƙofa. Daga zaure na jiyo wani na ce wa Ibro, "Da Habu ne ya kama injin nan, da tuni ya tashi." Ashe nan ne kawai ake kiran sunansa ba a rage murya.

Injunan da ya gyara wasu na aiki har yanzu. Abin da ya fi su saura a wurina shi ne kayan nan da ya wanke ranar Alhamis. Ya nemi taimako da bakinsa, mu muka hana shi.

Yagana ta ga inda nake kallo. Ta tashi ta tura ƙyauren ya buɗe gaba ɗaya, ta dawo ta zauna kusa da ni.

"Faɗi abin da ya kashe shi, 'yar nan. Ba mai kai wa Baffanki. Nan ba a kulle kowa."

Na faɗa.