Fiffiken Hagu

Lokacin da nake shef a garejin ma'adinai a Arlit, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Akwai wani mai walda a ƙarƙashina, Ba'adare, ya ba ni shekara goma. Wata bakwai ya yi yana haɗa ɗan jirgin sama marar inji, da soson kwalin firigo, wato firji, da ƙarafan tsohuwar lema. Iska ke ɗaukarsa, ana juya shi daga ƙasa da telekomandi, wato rimot.

Wata Lahadi da hantsi ya gayyace mu bayan gari, hanyar Agadas, mu ga tashin farko. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya jefa, ɗaya ya tuƙa. Ni kuwa in tsaya jifa a gaban ma'aikatana? Na ce, "Kawo telekomandin nan."

Ya miƙo ba da son ransa ba. "Shef, in ya juyo yana fuskantarka, damarsa hagunka ce."

"Ni za ka koya wa dama da hagu?"

Ya jefa. Wallahi jirgin nan ya tashi! Ya yi sama shiru, ko girgiza babu, har mutane suka hau kabbara. Da ya juyo wajenmu ya ɗan karkata, na danna dama. Ya ƙara karkata, na ƙara dannawa. Sai tim, da ka, cikin duwatsu.

Tun kafin ya taɓa ƙasa na san ni ne. Amma bakin nan nawa ya riga ni. "Fiffiken hagu a karkace yake," na faɗa da ƙarfi. "Tun ɗazu na gani."

Da zagina ya yi, da na samu sauƙi. Sai ya tsugunna yana tattara guntaye cikin rigarsa, ya ce, "Yi haƙuri, Shef, na ɓata maka safiya."

Bayan shekaru na ci karo da shi a tashar Tawa, ya yi furfura, ya bar aiki. Na tambaye shi jirage nawa ya ƙera tun lokacin. Ya yi dariya.

"Ai ban sake ba. Na auna fiffiken nan ya fi sau goma, ban ga karkatar ba. Na ce idon da ya kasa ganin abin da ka hango daga nesa, ba na wannan aiki ba ne."

Kunya ta kama ni. Direbanmu na ta kiran fasinja. Na ce masa a gaida gida, na shiga mota. Har yau ban gaya masa fiffiken nan lafiyarsa lau ba.