Ranar da Nna ta yi wa fim baki

Shekarar da aka zaɓe ni sakatariyar ƙungiyar matan layinmu a Tudun Wada, wasu 'yan mata biyu ma'aikatan lafiya suka ce za su kawo mana fim, mu kalla mu tattauna. Muka ari aji a Islamiyya ranar Alhamis bayan la'asar, muka toshe tagogi da barguna, aka rataya farin zanin gadona a jikin allo.

Hoto ya fito tas, amma sifika ta ƙi magana. Aka jijjiga ta, aka canja waya, shiru. Mata suka fara neman takalmansu.

Sai Nna ta miƙe. Banufiya ce 'yar Bida, mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin layi, kuma duk unguwa Nna muke ce mata. Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. Ta ce, "Ku zauna. Ni zan faɗa abin da suna faɗa."

Kafin ma'aikatan su ce uffan, ta tsaya gefen zani ta gyara ɗaurin ƙirji. A fim ɗin ga wani magidanci da tuwo a gabansa, yana ta barbaɗa gishiri a miya, matarsa tana yi masa magana. Nna ta sirantar da murya: "Maigida, uwata zai zo gobe." Sannan ta kumbura murya: "Kwana nawa?" Matar ta ɗaga yatsu uku. Nna ta ce, "Wata uku!" Nan take mutumin ya dafe kai ya zube ƙasa.

Ajin ya kaure da dariya. Wata tsohuwa ta ce Allah ya ƙara, ai nata surukin ma haka yake ɓata rai in ta je. Da aka nuno asibiti, likita yana naɗa wa mutumin wani abu a damtse, Nna ta yi bayani cewa tela ne yake auna masa hannun riga, don ya tarbi surukarsa da sabon ɗinki.

Fim na ƙarewa babbar ma'aikaciyar ta tashi ta ce, "Iyayena, me muka koya?" Ba ta samu ta ƙara kalma ba. Mata suka rabu biyu a kan kwana nawa ya kamata uwa ta yi a gidan 'yarta. Masu 'ya'ya a gidan aure suka ce babu iyaka. Wata amarya ta ce mako ɗaya ya isa, aka yi mata ca. Ni kuwa ina ta rubutawa, don an ce aikin sakatariya ke nan. Na cika shafi biyu.

Da ƙyar yarinyar ta samu aka saurare ta. Ta ce, "Don Allah, fim ɗin nan a kan hawan jini ne. Yatsu ukun nan, sau uku ke nan likita yana hana shi gishiri." Nna ta ce ai da ma tana shirin zuwa kan wannan maganar.

Suka fito da abin awo, muka yi layi. Da aka zo kan Nna, yarinyar ta auna, ta sake aunawa, ta ce, "Mama, gobe da safe ki je asibiti." Nna ta ce aikin fassara ne ya tayar mata da jini, ba komai ba.

Ni na raka ta washegari. Muka hau Keke, tana ta mita har muka isa. Aka rubuta mata magani, aka ce ta rage gishiri da magi. A hanyar dawowa ta sa mai Keken ya tsaya, ta sayi rake, ta miƙo min guntun.