Ƙishirwar Jan Fili

Harouna bai taɓa buga tanis ba, kuma in ka tambaye shi yadda ake ƙirga maki sai ya ce ka je ka tambayi masu gajeren wando. Shi ƙasa ya sani. Mutumin Mirriya ne, kusa da Damagaram, ɗan gidan maginan tukwane, tun yana rarrafe yake cikin yumɓu. Shekara goma sha shida ke nan yana Riyadh, yana kula da filin tanis guda ɗaya tak a wani kulob na masu hali, fili mai jar ƙasa irin wanda ake gasar Faris a kansa.

Duk ƙarshen watan Mayu, in gasar ta zagayo, za ka gan shi tsaye gaban talabijin ɗin kulob da hannu a baya. Wasan bai dame shi ba. Jira yake a tafi hutu, a nuno masu jan raga suna baje ƙasa, da masu share farin layi, da masu fesa ruwa. "Ga 'yan'uwana can," yakan ce. Ko ba ka tambaya ba zai gaya maka cewa jan nan gasasshen bulo ne aka niƙa, kaurinsa bai fi ƙwayar gero ba, ƙarƙashinsa farin dutse da aka daɓe, ƙarƙashin wannan tsakuwa. Abin da ya fi burge shi kuwa, in gardama ta tashi kan inda ƙwallo ta sauka, alƙali da girmansa ya sauko daga kujera ya duƙa ya duba tabon da ta bari.

Nasa filin, da kansa yake bin mota zuwa Birnin Masana'antu na Biyu ya zaɓo fasassun bulo, yana ƙwanƙwasa su yana saurare kamar yadda ake gwada tukunya. Sau uku yake ba shi ruwa a rana, in zafi ya tsananta sau huɗu. Kowane Janairu kulob kan yi 'yar gasarsa, kuma an saba wanda ya yi nasara ya fara zuwa ya gaisa da Harouna kafin ya karɓi kofi. Ba ya cika baki da wannan, amma ranar sabuwar riga yake sawa.

Bachir ɗan maƙwabcinsu ne na gida. Shekara takwas da suka wuce ya iso Riyadh da jaka ɗaya, kafil ɗinsa, wato wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya watsar da shi. Harouna ya sauke shi a ɗakinsa na Al-Sulay, suka ci a kwano ɗaya, sannan ya yi ta zarya ofishin mudir, wato manajan kulob, har aka karɓi iƙamarsa, wato takardar izinin zama, aka ba shi aiki. Bachir ya yi boko, ga Larabci ga Turanci, ga iya gaisuwa. Kafin a farga ya zama shugaban ma'aikata, har Harouna ma a ƙarƙashinsa yake. Harouna bai ji komai ba sai daɗi, yana gaya wa kowa, "Ɗana ne."

Bara aka fara raɗe-raɗin za a tone jan filin a kafa kejin gilashi na fadel, sabon wasan da samarin Riyadh suka haukace a kansa. Kwamitin kulob ya rabu biyu, dattawa suka ce sam. Aka tsaya kan cewa za a zo a duba filin da ido, in yana da lafiya a bar shi.

"Kawu, kwantar da hankalinka," in ji Bachir. "Muddin ina nan, babu mai taɓa shi."

Sai ga shi wata safiya cikin Agusta, fuska a damuwe. Ya ce ruwa na tsiyaya cikin wayoyin fitilun da aka binne gefen fili, injiniya ya hana a jiƙa wurin sai an gyara, kada wuta ta kama wani.

"Ko da guga?" in ji Harouna.

"Ko da guga, Kawu. Umarnin mudir ne. Kwana biyu kacal."

Wanda ya san Agustan Riyadh ya san abin da kwana biyu ke nufi. Amma maganar rai ce, kuma daga bakin Bachir ta fito, Harouna ya naɗe tiyonsa. Kwana biyu suka zama biyar. Jan ya koɗe, iska ta kwashe shi, farin dutsen ƙasa ya fito fili ya fara tsagewa. Kullum da safe Harouna ya tambaya, kullum Bachir ya ce, "Bukra, in sha Allah," goben da ba ta zuwa. Mutum ya rame a tsaye, abinci ma ya daina wuce masa.

A rana ta goma sha uku kwamiti ya iso, babu wanda ya sanar da Harouna. Suka tsaya bakin fili suna girgiza kai. Mudir ya kira shi.

"Ya Harouna, yaushe rabonka da ba shi ruwa?"

"Kwana goma sha biyu, ya mudir. Ai ku kuka hana, saboda wayoyin fitilu."

"Waɗanne wayoyi?"

Harouna ya juya ya dubi Bachir. Bachir ya yi ɗan murmushin tausayi, ya ce da Larabcinsa mai santsi, shi bai san wannan zance ba, kawun nasa shekaru ne suka ja, ya daɗe yana rufa masa asiri, a yi masa afuwa. Babu takarda, babu shaida, da Hausa aka yi maganar tsakanin mutum biyu. Dattijon da ya fi kowa kare filin ya dubi Harouna sau ɗaya, ya kau da kai, wannan kallon ya fi komai yi masa ciwo.

Cikin mako guda aka manna sanarwa: za a tone, kuma Bachir ne zai shugabanci sabon sashen fadel. Ba a kori Harouna ba. Bachir ya ce shi ya roƙa aka bar shi, zai riƙa goge gilashi, har yana jiran a gode masa. Harouna bai gode ba, bai kuma zage shi ba, ya dai daina kiran sunansa.

Ranar da katafila ta zo, Bachir ya same shi gefen fili, idonsa a kan waya.

"Kawu, mudir ya ce ƙura za ta dami mutane. Yalla, a jiƙa shi sosai kafin a fara."

Harouna ya warware tiyo ya buɗe famfo. Babu wutar da ta kama kowa. Ya fara daga kusurwa yadda ya saba, yana ja da baya a hankali, ƙasa na shan ruwan da ƙaramar ƙara. Sauran garin bulon da iska ta bari ya yi jawur, tsagun suka fara haɗe bakinsu. Ya duƙa ya danna da babban yatsa, ya ji ta karɓa. Da za a ba shi kwana uku da rolar daɓe ƙasa, da filin ya tashi sarai.

Direban katafila ya danna masa ham, ya ce ya kauce.