Sawun da Tabawa Ta Gani a Kan Toka

Wata rana a Bukuru, wani mai gidan haya ya tsaya a tsakar gida ya ba wata baiwar Allah wa'adin kwana bakwai: ko ta rabu da ɓerayen Masar ɗinta, ko ta nemi wani ɗakin.

Sunanta Tabawa, tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya. 'Ya'yanta sun yi aure sun watse, ɗaya Gombe, ɗaya Legas. Abin da ya rage mata a ƙofar ɗaki shi ne keji mai ɓerayen Masar shida, 'yan dabbobin nan masu laushin gashi marasa wutsiya. Da sun ji motsin ledarta sai su hau tsuwa, kamar yara sun ga uwa ta dawo daga kasuwa.

Da su take hira. Kada ku yi dariya. Duk wanda ya taɓa zama shi kaɗai a ɗaki ya san abin da nake nufi.

To, ɓerayen gida, masu wutsiyar nan, sun addabi kowa. Sun ci sabulu, sun huda buhun gari. Ranar da suka tauna atamfar da aka kawo wa Dije ɗinkin biki, Dije tela ta fito da yadin a hannu tana kuka. Nan take gidan ya haɗa baki: dabbobin Tabawa ne suka jawo su.

Abin ya yi wa Tabawa zafi ƙwarai. Ita da ta yi shekara talatin tana wanke hannu har gwiwar hannu a ɗakin haihuwa, ita za a koya wa tsafta? A ranta ma ta riga ta yanke hukunci: 'ya'yan Dije ne masu watsar da guntun tuwo a bayan ɗaki.

Sai ta tuna dabarar kakarta a ƙauye. Idan ana son sanin abin da ke shiga rumbu, tankaɗaɗɗiyar toka ake barbaɗawa a kewaye, da safe a karanta sawu.

Bayan magariba ta barbaɗe tsakar gida, tun daga bayan ɗakin Dije har zuwa gindin kejinta.

Ga inda Tabawa ta yi ganganci. Da gari ya waye ba ta tsaya ta fara dubawa ita kaɗai ba. Ta ɗaura zani, ta je ta ƙwanƙwasa wa Dije ƙofa, don a yi komai a gaban shaida.

Suka sunkuya tare.

Bayan ɗakin Dije toka na nan lumui, ko kiyashi bai taka ba. Sawun kuwa ga shi nan rututu, ya fito daga wani rami a bayan randar Tabawa, ya bi ta buhun dusarta da ke jingine baki buɗe, ya zarce cikin keji ta idon waya.

Dije ta nuna kwanon da ke ciki.

"Iya, me kike zuba musu da yamma?"

"Dusa da ganyen kabeji. Nakan cika kwanon, kada su kwana da yunwa."

"Su shida ne ke cinye wannan tulin kafin safiya?"



Wata da watanni Tabawa tana ganin kwano fes da safe, tana murna, tana cewa yaranta akwai ci. Ashe liyafa take shirya wa ɓerayen unguwa kullum, har da ruwan sha.

Kunya ta kama ta, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa ido. Amma abin da ya burge ni da matar nan, ba ta tsaya kare kai ba. Ta ba Dije haƙuri a wurin, a gaban masu leƙe ta taga. Kafin azahar ta ciro atamfarta sabuwa daga ƙasan akwati ta kai mata.

Sannan ta zage damtse.

Dusa ta koma cikin duron ƙarfe mai murfi. Kafinta ya yi wa kejin dogayen ƙafafu, ya sake masa waya mai ƙananan idanu, wadda ko ɗan yatsa ba ya shiga. Ramin bayan randa ta cusa masa fasassun kwalabe ta shafe da siminti. Wani ya ba ta shawarar guba, ta ce a'a, gidan akwai yara masu rarrafe, ga nata dabbobin. Tarko ta ɗana a lungun da hannun yaro ba ya kai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ɗauke kwano.

Kullum kafin magariba za ta kwashe ragowar dusa da ganye, ta share ƙasan kejin, ta bar musu busasshiyar ciyawa da ruwa kawai. Su kuma su jeru a jikin waya suna kallonta suna tsuwa. Ranar farko sai da ta juya baya ta share hawaye da gefen ɗankwali.

Ba wanda ya rame a cikinsu. Ko ɗaya.

Ranar cikar wa'adi mai gida ya shigo yana gyaran murya. Tabawa ba ta roƙe shi ba. Ta ma riga ta huda wa wani babban kwali ƙofofin iska, ta ajiye a gefen keji don ta zuba su ta bayar, domin ta san ba ta da wani ɗakin da za ta koma.

Kafin ya yi magana, Dije ta dakatar da kekenta ta fito, igiyar awo rataye a wuya.

"Alhaji, a bar mata su. Ni na kai ƙara, ni nake janyewa. Kwana huɗu ke nan yadina na kwana a kan tebur ba abin da ya taɓa shi."

Mai gida ya zagaya kejin, ya ɗaga murfin duron ya mayar, ya ce to shi ke nan, ya fita.

Tabawa ta juya za ta yi godiya. Don murna ta manta, ta zauna daɓas a kan kwalin nan, ya lotse da ita har ƙasa. Dije ce ta ɗago ta, suna dariya, dukansu idanu jage-jage.

Darasi: Kafin ka kira shaida a kan laifin maƙwabci, fara duba ƙofarka kai kaɗai. Sau da yawa abin da ke ɓata mana gida ba ƙiyayyar wani ba ce, ƙaunarmu ce da ba mu auna ba. Kuma idan gaskiya ta nuna kai ne, ba da haƙuri a take, ka gyara.

Idan ka san mai kiwo a gida, ko mai saurin nuna yatsa, tura masa wannan. Amma ka fara karantawa sau biyu tukuna.