Mai Kwaɗo da Baƙo Mai Hoton Kyanwa

Mai Kwaɗo ake ce masa a layi, domin hatta tsaninsa a ɗaure yake da sarƙa. Ka je aron guduma, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Me ya sami taka?" Gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago mai fanka ɗaya, wadda ƙararta ta fi iskarta.

Amma mutumin nan da ko allura ba ya ba da aro, shi ne ya rubuta manhajar da teloli ke ajiye awon kwastomomi da lambobin wayarsu. Ya ɗora ta kyauta a wani dandalin intanet inda kowa ke iya leƙa cikinta, ya kwafa, ya kawo gyara. Ƙa'idar wurin ita ce mai manhaja ya karanta duk gyaran da aka turo kafin ya shigar da shi. Teloli suka karɓa hannu bibbiyu. "Ai ta Mai Kwaɗo ce," in ji su, "ko ƙuda ba zai shiga ba." Wannan magana ta fi masa komai daɗi a duniya.

Sai wani baƙo ya ɓullo a dandalin. Ba suna, ba fuska, sai hoton kyanwa. Kullum zai turo gyara mai kyau, ya ɗora da, "Ranka ya daɗe, aikinka ya burge ni." Mai Kwaɗo kuwa ko a mafarki ba a taɓa ce masa ranka ya daɗe ba. Kai ya kumbura, karatun gyara ya fara gundurarsa, ya ba baƙon izinin shigar da abin da ya ga dama.

"Maigida, ka san shi?" in ji matarsa.

"Na san aikinsa."

"Ni ma ka san aikina, amma mabuɗin sito har yau yana aljihunka."

Ana nan sai ƙanwarsa, wadda ita ma tela ce, ta faɗo shago ko sallama babu. "Yaya, ka kashe ni! Kwastomomina ana ta turo musu tallan maganin rage tumbi, har da awon ƙugun kowacce a ciki!"

Ya buɗe manhajar, gumi na tsiyaya duk da fankar. Ga ɗan rubutun da baƙon ya cusa, yana kwashe bayanan mutane yana turawa waje. Mai hoton kyanwa kuwa ya yi ɓatan dabo.

Zuciya ta ce masa ya goge shiru, wane tela ne zai gane? Amma bai biye mata ba. Daga nan ya janye izinin, ya share ɓarnar, ya rubuta a saman shafin manhajar cewa sakacinsa ne. Ya bi shago-shago yana faɗa da bakinsa. Wasu suka zage shi tas, wasu suka goge manhajar a gabansa. Wani tsohon tela ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Tunda kai ka kawo kanka, zan ci gaba da ita. Amma ka daina jin daɗin kirari."

Yanzu duk gyaran da aka turo, da yatsa yake bin sa layi-layi.

Wani maƙwabci ya ɗauka wahala ta tausasa shi, ya je aron tsani, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe..."

Washegari aka ga kwaɗo biyu a jikin sarƙar.