'Yar Samowa da Baffana

Ban taɓa jin sunan Samowa ba sai ranar da Baffa ya kwashe da dariya a gaban talabijin. Lokacin muna unguwar Misfala a birni mai tsarki, bayan an rushe gidanmu na unguwar Nakkasa, muna ƙarƙashin ikonsa tun rasuwar mahaifina, wanda ƙaninsa ne. Ana nuna wata gasar gudu ta ƙasashen duniya. Wata yarinya 'yar Samowa, da ba ta girme ni sosai ba, ita ce ta zo ta ƙarshe. Baffa ya ce da ta yi zamanta a tsibirinsu tana kama kifi da ta huta da kunya. Ni kuwa abin da na gani daban ne. Ta ƙetare layi, ta ɗaga kai, ta dafa sunan ƙasarta da ke ƙirjinta, ko a jikinta.

Daga nan na riƙa bibiyarta a waya. Da shekara ta zagayo, sai ta wuce mutum ɗaya a gasar. Wata shekarar ta ji ciwo a cinya, aka daina ganinta, sai ga ta ta dawo. Ni ma na fara gudu a saman bene, tsakanin igiyoyin shanya, har maƙwabciyar ƙasa ta aiko tambaya ko daka muke yi.

Da malamar motsa jiki ta makarantarmu ta ce za a gwada 'yan mata a filin wasa, kuma ta sa rai da ni, Baffa ya ce sam. Sana'arsa tura tsofaffin alhazai a keke, ya san Safa da Marwa kamar tsakar ɗakinsa, can ya ɗauko hujjarsa. Ya ce ko a sa'ayi, in an iso korayen fitilu, maza ne ke sassarfa, mata tafiya suke yi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma durƙusawa na yi kafin na buɗe baki.

"Baffa, a sa'ayi tafiya nake yi, kamar yadda aka umarce ni. Amma wadda ta fara gudu a wurin mace ce, ruwa take nema wa ɗanta. Gudunta kuke kwaikwayo."

Ya ajiye kofin shayinsa. "Halas, magana ta ƙare, ya binti. In kin je, kada ki ƙara gaishe ni."

Wannan ta dake ni, domin shi ya riƙe mu, kuma ina ƙaunarsa. Ranar gwajin na zauna da takalmi a hannu na kasa sawa. Sai Umma, wadda ban taɓa jin ta musa masa ba, ta zura abayarta ta ce in tashi kada mota ta wuce mu.

Na zo ta ƙarshe. Sauran sun san yadda ake tashi daga durƙuso, ni kuwa a saman bene na koya. Duk da haka malamar ta ce in ci gaba da zuwa.

Washegari na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Sai da na kai ƙofa ya yi magana, bai ko dube ni ba.

"An ce ke ce ta ƙarshe. Kamar 'yar tsibirin nan."

"Haka ne, Baffa," na ce. "Yau ma akwai atisaye bayan la'asar."